Wayar da Baffa Ya Roƙa

Mackay, Ostireliya, farkon Maris

Vase tawa,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da ɗan baƙon da kike ɗauke da shi, da fatan aman safiya ya sake ki. Ki gaishe mini da Nana, ki ce mata ɗanta ya ce ta daina shiga gonar gwaza da wannan ƙafar tata. Ni lafiyata ƙalau, sai dai abincin mutanen nan, ka ci ka ƙoshi, kafin ka wanke hannu yunwa ta dawo.

Kwalin da ke tare da wasiƙar nan ki buɗe shi a ɗaki, ke kaɗai. Waya ce.

An ɗauke ni daga dakon kaya a sito, an mai da ni ɗakin gwaji. Masu haƙar kwal ba sa sayen waya sai an tabbatar musu za ta jure wahalar rami, to mu ne masu tabbatarwar. Aikina in hau tsani in saki waya a kan siminti, ta fuska, ta baya, ta kowace kusurwa. Daga nan a jefa ta cikin ganga mai juyawa tare da tsakuwa, sai akwatin ƙura, sai feshin ruwan gishiri, sai firji, sai tanda. Ranar farko hannuna ƙin sakin ta ya yi. Dougie, wani tsoho da muke aiki tare, ya ɗaga kai ya ce, "Kai ɗan tsibiri, ba ƙwai ba ne, sake ta! Ko sai an kira uwarta ta ba ka izini?"

Waɗanda suka fita da rai ba a sayar da su, saboda tabo. Wannan da na aiko miki ta ga bayan 'yan'uwanta duka. Da hannuna na yi ta jifa da ita, ta ƙi mutuwa, har na fara jin kunyarta. Na roƙi mai wurin, ya ba ni.

Na gaji da wasiƙar da ke shafe wata a hanya, Vase. Muryarki nake so. Kowace Lahadi bayan an tashi daga coci ki hau tudun bayan makaranta, inda sabis ke kamawa, zan kira.

Abu ɗaya na roƙe ki: ki ɓoye ta. Kin san garinmu. Mutum ya zauna a tabarmarka ya ce kerekere, roƙon nan namu na al'ada, kai kuma ba ka da bakin cewa a'a. Haka agogona ya tafi, haka takalmin ƙwallona.

Mijinki,
Sakiusa

Vatuloa, Fiji, farkon Afrilu

Saki, maigidana,

Na gaishe ka gaisuwar da ta fi tekun da ke tsakaninmu faɗi. Lafiyarmu lau. Aman ya tafi, ya bar ni da kwaɗayin ɗanyen mangwaro da gishiri. Nana ta ce in gaya maka ƙafar tata ce, gwazar ma tata ce, ka ji da tsaninka.

Na gode, Saki, na gode har ban san inda zan ajiye godiyar ba. Amma bari in ba ka labarin yadda muka haɗu da ita. A littafin da nake karantawa yanzu, saurayin ya aiko wa yarinyar waya siririya mai ruwan hoda, a naɗe cikin ƙyallen siliki. Da haka a raina na rufe ƙofa, na yage kwalin. Sai ga bulo. Baƙa wuluk, gefenta roba mai kauri, ga tabo a goshi kamar tsohon ɗan dambe. Na ce wannan ai masu gyaran rufin coci ya kamata a kai wa, su buga ƙusa da ita. Na yi ta dariya har Nana ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambayar ko lafiya.

Ranar Lahadi na tura ta ƙarƙashin rogo a kwando na hau tudu. Ka san tun ranar Juma'a nake shirya maka kalamai? Irin na littafi, masu wata da taurari. Har haddace su na yi ina wanki. Da na ji ka ce "Vase?" kamar mai tambayar hanya, duk suka watse, sai na ji bakina yana tambayarka ko kana cin abinci. Kai kuma ka tambaye ni ko kajin sun yi ƙwai. Ka ga masoya! Amma na sauko daga tudun nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

To, ta taɓa, don ruwa ya sauko, na zame. Ni ban ji ciwo ba, kar ka tashi hankalinka. Ita ce ta fice daga kwando, ta bugi dutse, ta gangara cikin rafi. Na tsamo ta ina kiran sunan Ubangiji, na goge da bakin zane, sai ta haska mini fuska kamar ba abin da ya faru. Na ce mata, sannu, 'yar dambe.

Na saita ta ta riƙa yi mini waƙa kowace safiyar Lahadi kafin gangar coci ta farko, don in farka da sanin yau ranarka ce. Tana cikin akwatina, ƙarƙashin littattafai, inda babu mai taɓawa, tunda duk gidan nan ni kaɗai ake yi wa dariyar karatu.

Jirgin ruwan da zai ɗauki wasiƙar nan na lodin busasshiyar kwakwa, dole in rufe.

Taka har kullum,
Vasemaca

Mackay, tsakiyar Mayu

Vasemaca,

Gaisuwa. Ina fata kina lafiya, da Nana. Ni ina nan.

Lahadi biyu kacal na ji muryarki. Ta uku na kira, sai na ji Baffa Ilaitia. Na zauna daidai, na gaishe shi yadda ake gaida yayan uba, ya ba ni labarin rufin coci tun daga ƙusa har kwano. Lahadin da ta biyo, shi. Ta bayanta, shi. Kin san ba zan iya buɗe baki in ce wa mutumin da ya riƙe gidanmu tun rasuwar babana ya ba ni matata ba. Da na kasa haƙuri na ce, "Baffa, mutanen gida fa?" Ya ce, "Lafiyarsu lau. Yarinyar tana can kwance da littattafanta."

Na yi ta ba ki uzuri, sai ga wasiƙarki. Na karanta wurin bulo, da wurin masu gyaran rufin coci. Baffa ne shugaban masu gyaran rufin. Ashe da gaske kike.

Da kin ce ba kya so, da na nemo miki mai ruwan hoda, ta yi miki wata ɗaya iskar gishiri ta cinye ta. Ni abin da nake da shi na aiko. A nan in na tashi aiki ɗaki nake komawa, mu huɗu, kowa kunnensa a waya yana hira da matarsa, ni ina kallon fanka.

Zan ci gaba da kira, don ba zan katse wa Baffa ba. Ke kuma a sha karatu lafiya.

Sakiusa

Vatuloa, ƙarshen Yuni

Saki,

Ina gaishe ka, ko da ka gaishe ni kamar mai gaida ma'aikacin gidan waya. Lafiyata lau. Yaron ya fara shuri, na ce ƙafar ubansa ce. Injin jirgi ya lalace a Suva, babban birni, sai jiya wasiƙarka ta iso, ta same ni a bakin rafi. Na karanta, na bar wankin a wurin.

Wasa na yi maka, Saki. Tun yaushe ka daina gane wasana?

Waƙar nan da na saita ce ta tona mu. Baffa ya shigo da sassafe neman Nana kan maganar abincin coci, sai akwatina ya kama waƙa. Ya tsaya, ya karkata kai. Nana ta ce zakara ne. Ya ce, "Zakaran naku har da jita?" Dole aka fito da ita. Ya juya ta, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya zauna a tabarma ya tanƙwashe ƙafa. Ya dubi Nana, don ka san ba ya duban inda nake, ya ce 'ya'yansa biyu suna Suva, rabonsa da muryarsu tun Kirsimeti. Sannan ya tafa hannu ya ce kerekere.

Me kake so in yi? Ni baƙuwa ce a garinku, daga wani tsibiri aka kawo ni. Surukin da ba ni da izinin yi masa magana kai tsaye, shi zan ce wa a'a? Ko bin shi zan yi kan tudu, in tsaya a gabansa ina ce maka ina kewarka? Da ya ce maka ina kwance da littafi, gaskiya ya faɗa. Littafin na kan fuskata ne don kar Nana ta ga idona.

Yanzu 'yar dambenka ta zama ta gari. Daga hannun Baffa ake roƙonta, ta yini ta dawo masa. Ta faɗo daga saman kwakwa. Doki ya taka ta. Ta kwana cikin cikin kwale-kwale a ruwan gishiri da jinin kifi. Wani alade ya gwada ta da haƙori, ya haƙura. Duk wanda ya dawo da ita sai ya ce, "Kai, Sakiusa ya iya aike!" Sunanka ake yabo a gari, ni kuma in ce na gode, in shige ɗaki. Baffa kuwa bai yarda ruwa ba ya shigarta ba. Kullum a naɗe take cikin ganyen ayaba, ɗaure da zaren kwakwa, kamar ƙullin abinci.

'Yan matan littattafaina in aka yi musu haka, zama suke yi bakin taga suna kuka har jarumin ya gane kuskurensa a babi na ƙarshe. Na gwada. Tagarmu bayan ɗakin girki take kallo, kuma ni ba ni da babi da yawa, watan Agusta ake sa ran haihuwa. Ba na so yaron nan ya zo ya tarar muna gaisawa a takarda kamar 'yan haya.

Ban san yadda zan yi ba tukuna.

Matarka, ko kana fushi,
Vase

Vatuloa, tsakiyar Yuli

Saki na,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai ƙafafuna da suka kumbura kamar gwaza. Jirgi bai dawo ba, waccan wasiƙar na nan kan akwati, tare za su zo maka.

An gama rufin coci. Lahadin da ta wuce aka yi bikin godiya, gidan Baffa ne da lovo, girkin rami. Tun asuba maza suka gasa duwatsu a rami, mu mata muna kan tabarma muna ƙulla ganyen gwaza da madarar kwakwa cikin ganyen ayaba. Aka jera alade da kaji a ƙasa, gwaza da rogo a kai, ƙulle-ƙullenmu a can sama. Aka rufe da ganye da buhuna, aka tura ƙasa. Maza suka wanke hannu suka zauna hutawa.

Ba a jima ba ƙasa ta fara waƙa.

Wallahi, Saki, daga cikin tudun lovo take fitowa, can ƙasa-ƙasa, da jitarta da komai. Matar Baffa ta yar da kwano ta ce, "Jama'a, aladen ne!" Baffa ya shafa ƙugunsa, ya shafa tabarma inda ya ajiye ƙullinsa lokacin da ya tashi ɗaukar dutse. Sai ya yi tsalle irin wanda ban taɓa zaton yana da shi ba. "Ku tone! Ku tone!"

"Ilaitia, in aka buɗe yanzu naman ya lalace!" in ji matarsa.

"Ya lalace! Amanar yaro ce a ciki!"

Aka tone gefe ɗaya, tururi ya turnuƙe. Suka yi ta zaro ƙulli suna kasa kunne, wannan ba shi ba, wancan ba shi ba, har aka samo mai waƙar. Baffa ya kwance da yatsu biyu yana hura hannu. Ta yi gumi, robar gefenta ta yi laushi, ta rubuta a fuskarta wai zafi ya yi mata yawa, sannan ta ɗauke. Aka sa ta a inuwa, wata tsohuwa na yi mata fifita kamar mai naƙuda. Kafin ganga ta biyu ta farka. Mutane suka yi shewa, wani ya ce a ɗanɗana a ji ko gishiri ya ji.

Da hayaniya ta lafa Baffa ya ce, "Ni wannan waƙar ma ta mece ce? Duk Lahadi sai ta tashe ni, na rasa mai kashe ta."

Nana ta buɗe baki za ta amsa. Ban san abin da ya shige ni ba. Na rarrafa da cikina har gaban tabarmarsa, na sunkuyar da kai, na tafa hannu.

Na ce, "Baffa, ni na sa ta, don in tuna ranar da zan ji muryar ɗanka. Rabona da ita tun kafin cikin nan ya fito. Yana can yana zaton na yar da kyautarsa. Baffa, kerekere."

Baffa ya juya ga Nana, ya ce, "Ke kina kallo na raba yaro da matarsa, ba ki ce komai ba?"

Nana ta ce, "Ka tambaya?"

Da yamma ya zo gidanmu da saiwar yangona ta neman gafara a hannu, dattijo guda, ya zauna bakin ƙofa wurin zaman yara, ya ba da haƙuri. Ya ajiye wayar a gaban Nana, ta turo mini. Har yanzu ƙanshin hayaƙi da kwakwa take yi.

Ga ta a hannuna, Saki, amma tudun ya fi ƙarfina. Malamar asibiti ta duba ƙafafuna ta ce in ta ji na taka hanyar nan sai ta ɗaure ni a gado. Na roƙe ta, ta ƙi. Ranar Lahadi za ka kira, ta ƙi shiga, ka ƙara gaskata abin da ka riga ka gaskata. Wannan ne ke hana ni sakewa.

Taka,
Vase

Mackay, Lahadi, ƙarshen Yuli

Vase, Vase tawa,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji mai jinƙai. Ba sai na tambayi lafiyarki ba, da kunnena na ji. Yanzu na ajiye waya, na ɗauki biro.

Saura kaɗan in ƙi kira yau. Lahadin da ta wuce na kira ba ta shiga ba, na ce to, Baffan ma ya gaji da ni. Dougie ne ya biyo ta masaukinmu ya gan ni zaune, ya ce, "Kai da ke jifa da abu sau ɗari kafin ka ce ya mutu, mace ce za ka gwada sau ɗaya?" Na danna don ya ƙyale ni.

Kin san abin da na fara ji? Ruwa yana marin katako. Sai wata murya kamar ta bijimi tana rera waƙar coci, ba daɗi ko kaɗan. Na ce shi ke nan, yau kuma wa'azi zan sha. Sai kika ce "Saki?" Na zame daga kan gado na zauna a ƙasa.

Har yanzu ina juya abin da kika faɗa mini. Wai Baffa ya lura tun tuni, in ya fita kamun kifi bayan duwatsun murjani, wurin da ake hango tsibirin da ke da dogon ƙarfen sabis, saƙonnin 'ya'yansa kan shigo masa a cikin kwale-kwale. Wai shi ya shimfiɗa miki tabarma da matashi a ciki, ya tuƙa ki a hankali har can. Ranar Lahadi! Mutumin da ya taɓa karya mini sandar fatsa don na taɓa ruwa ranar Ubangiji. Kika ce da mutane suka fito suna kallo ya ce musu ba kamun kifi zai je ba, sujada zai yi a kan teku, wanda ke da magana ya same shi a gida. Kika ce ya koma can ƙarshen kwale-kwalen, ya juya miki baya, ya toshe kunnuwa da yatsu, yana waƙa iyakar ƙarfinsa don kar kalma ɗaya tamu ta shiga kunnensa.

Na so in ba ki haƙuri yadda ya kamata, sai igiyar ruwa ta watso, kika yi ƙara, wayar ta faɗa cikin ruwan da ya taru a kwale-kwalen. Na ji bul-bul, na ji kin tsamo ta kina dariya, kika ci gaba daga inda kika tsaya. To ga shi a rubuce: na yi miki mummunan zato, na rubuta miki abin da bai kamace ki ba. Ki yafe mini. Kin ce akwai wasiƙu biyu a hanya, ɗaya da zafi. Na cancanta, a tsaye zan karanta ta.

Na ba Dougie labarin lovo. Ya yi dariya har da tari, ya ce tandarmu wasan yara ce, a kwashe wayoyin duka a kai Vatuloa.

Na gode miki, Vase. Ki gode wa Nana. Baffa kuwa ban san da wane baki zan gode masa ba, sai na dawo na zauna a gabansa. Kafin nan ki ce wa Nana ta roƙa mana shi, Lahadi mai zuwa ya taho da littafin waƙoƙi. Baiti ɗaya ya yi ta maimaitawa yau har muryarsa ta dishe, ni kuma maganata da ke ko rabi ba ta kai ba.

Mijinki,
Saki